Sun San Zaren, Ba Su San Mai Rigar Ba

Ɗinkin ne ya tsayar da ni. Ni ɗan tela ne, na tashi ina tsintar ƙyalle a ƙarƙashin keken mahaifina, shi ya sa duk inda na ga riga mai kyan hannu sai na juya cikinta na duba. Wannan kuwa tana rataye ne bayan wani tebur, a wata kasuwar tsofaffin kayan soja da ake ci cikin wani ƙaton zaure a kudancin Jamus, inda ƙanena da ke karatu a can ya ja ni wata Asabar, wai in zo in ga abin mamaki. Ulu ne mai ruwan toka da ɗan sirkin kore, wuyanta kore mai duhu, aljihu huɗu masu ninki a tsakiya. A kowace kafaɗa akwai anini biyu, tsakaninsu wani ɗan maciji na ƙarfe ya nannaɗe sanda, shuɗin ƙyalle kuma ya leƙo ta gefe-gefe. A ƙirji, daidai inda mikiya ta riƙe alamar 'yan Nazi, an manna wata 'yar farar takarda ta rufe alamar.

Mai kayan dattijo ne, gilashinsa a kan karan hanci. Da ya ga ina shafa bakin hannun rigar sai ya taso da fara'a, ya sauko da ita, ya shimfiɗa a tebur. Ƙanena ne tafinta. Ya ce rigar likitan soja ce mai muƙamin Stabsarzt, daidai da kyaftin. Ya ɗauko wata 'yar fitila mai shuɗin haske, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, ya haska zaren kafaɗar, ya haska shafin ciki, ya ce in duba da kyau, ba abin da ya yi ƙyalli. Sannan ya zura yatsa cikin aljihun ciki ya juyo da shi waje. Ga tambarin telan da ya ɗinka, ga shekara, 1939. Layin da aka tanada don sunan mai rigar kuwa an bi shi da reza an yanke, sai ɗan rami mai kusurwa huɗu. Na tambayi wa ya yanke. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce iyalai kan yi haka kafin su sayar. Ya ƙara wata magana yana murmushi, ƙanena ya juyo ya ce, “Yaya, wai kada ka damu, wannan likita ne, bai taɓa harbin kowa ba.”

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a ka, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ga laifi a tara irin waɗannan kaya ba, ba na kuma cikin masu cewa a tattara a cinna musu wuta. Abin da na ƙi shi ne a kira aikin da ake yi a irin wannan tebur tantancewa, alhali rabinsa kawai aka yi. An gane ulun, an gane zaren, an gane shekarar, mutumin da ya sa rigar kuwa an bar shi a rami mai kusurwa huɗu, sannan aka cike ramin da zato mai daɗi: ai likita ne.

Bari dai in fara ba su haƙƙinsu, don ba ƙaramin sani gare su ba. Rundunar Jamus ta zamanin Hitila ta ba kowane sashe launinsa, da shi ake gane aikin soja tun daga nesa. Dakarun ƙafa fari, masu igwa ja, 'yan tankar yaƙi ruwan hoda, ma'aikatan lafiya shuɗi. Likitan dabbobi, wanda aikinsa ba na wasa ba ne a rundunar da ta yi amfani da dawakai fiye da miliyan 2 da rabi, nasa launin wani ja ne mai duhu, macijinsa kuma ba shi da sanda. Muƙaman likitoci duk da kalmar arzt suke ƙarewa, wato likita: Assistenzarzt a ƙasa, sai Oberarzt, sai Stabsarzt, sai Oberstabsarzt daidai da manjo, a yi ta hawa har Generaloberstabsarzt. Ƙaramin ma'aikacin jinya ba shi da maciji na hafsa a kafaɗa, nasa na zare ne ruwan ɗorawa a kan zagayayyen ƙyalle, a ƙasan hannun riga. A ɗamararsa jakunkunan fata biyu, hagu da dama, cike da bandeji da almakashi da 'yan kwalaben magani, ga gorar ruwa wadda ta fi ta sauran sojoji girma, don mai rauni ƙishirwa yake fara kuka da ita.

Hafsa da kuɗinsa yake zuwa wurin tela, shi ya sa rigarsa ke da tambarin tela. Ƙaramin soja kuwa daga rumbun gwamnati ake ba shi, kuma cikin rigarsa akwai hatimi: lambobin awo, sai harafin rumbun da shekara, M na Munich, B na Berlin, E na Erfurt. Da yaƙi ya yi nisa sai aka daina buga sunan masana'anta, aka koma lamba. A nan ne ɗan tela ke jin daɗin kallo, don in aka jera maka rigunan bisa shekaru za ka karanta faɗuwar ƙasa da tafin hannunka. Ta 1936 mai nauyi ce, ulunta mai laushi, wuyanta kore. Daga 1940 koren wuyan ya tafi. Can gaba ninkin aljihu ya tafi. Zuwa 1943 ulun ya sha haɗi da zaren katako da tsummokaran da aka sake sarrafawa, ya yi kaushi, ba ya riƙe ɗumi. A 1944 aka datse rigar a ƙugu don tsimin yadi. A ƙasan shafin dama, ta ciki, akwai wani ɗan aljihu da aka yi domin ƙunshin bandeji, don duk wanda ya tarar da soja kwance ya san inda zai laluba ba sai ya tambaye shi ba.

Duk wannan sani jabu ne ya haife shi. Inda kuɗi ya taru, maƙaryaci ba ya nisa. Dabarar da ta fi yawa ita ce a samo rigar gaske ta soja gama-gari, a cire mata kafaɗu, a ɗora shuɗaye, ta wayi gari ta likita. Mai ido sai ya nemi tsofaffin hudojin allura, ya ɗaga alamar ya ga ko yadin da ke ƙarƙashinta ya fi na kewaye duhu, don wurin da alama ta rufe shekaru tamanin rana ba ta ci shi ba. Wani ya zare silin zare guda ya kai masa ashana, kamar yadda mahaifina kan yi in yana shakkar yadi: ulu ya yi ƙaurin gashi, auduga ta zama toka, zaren roba kuwa ya narke ya dunƙule. Hular kwano ma haka. A gefenta ta ciki akwai haruffan maƙera da lambar girma, ET na masana'antar Thale, Q ta Quist, kuma hular kanta sau da yawa ta gaske ce. Farin fenti da jan gicciyen da ke kanta ne abin tuhuma, don gwangwanin fenti guda kan ninka farashi. Ƙyallen damtse mai jan gicciye, wanda ma'aikatan lafiya ke ɗaurawa, ya fi komai sauƙin ƙirƙira, farin yadi ne da ja, sai hatimi. Hatimin kuwa ba ado ba ne, Yarjejeniyar Janiba ta 1929 ce ta ce hukumar soja ce za ta ba da ƙyallen ta kuma buga masa hatimi. Ita fitilar da dattijo ya haska tana neman sinadarin ƙara wa yadi da takarda fari, wanda bai yaɗu ba sai bayan yaƙi. Shi ne ma ya taimaka wajen tona asirin Konrad Kujau, dillalin irin waɗannan kaya a Stuttgart, wanda ya zauna ya rubuta kundaye kusan 60 ya ce littattafan sirrin Hitila ne, mujallar Stern ta zuba mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin, a kansu. A 1983 aka gwada takardar, aka tarar da sinadarin a ciki.

Kuma kayan suna koyar da abin da littafi ba ya iya sa wa mutum a hannu. A wani tebur na ga 'yar takardar da ake ɗaura wa mai rauni a maɓallin riga. Gefunanta biyu jajaye ne, masu yaguwa. In an bar duka biyun, ba a iya ɗaukarsa zuwa ko'ina. In an yage ɗaya, a sa shi a mota. In an yage duka, zai iya takawa da ƙafarsa. Da yagi guda, cikin duhu da ƙarar igwa, wani yaro ɗan shekara ashirin yake yanke wa ɗan'uwansa hukunci, daga nan a miƙa shi wurin ɗaurin rauni na bataliya, zuwa babban wurin da ake tiyata, zuwa asibitin fagen daga, in da sauran kwana har asibitin gida. Littafin albashin soja ma yana da shafin asibiti, inda ake rubuta ciwo da lamba, 31a raunin harsashi, 33 sanyi ya ci naman jiki. Wanda ya ga 33 an rubuta a watan Janairun 1942 ba ya bukatar a ba shi labarin hunturun Rasha. Kuma ba a musun cewa likitancin sojan Jamus ya bar wa duniya gado. Emil von Behring, wanda ya fara karɓar kyautar Nobel ta likitanci a 1901 saboda maganin mashaƙo, likitan soja ne. Gerhard Küntscher ya fara zura ƙarfe cikin ɓargon ƙashin cinya a Kiel a 1939, kuma da fursunonin yaƙin Amurka suka koma gida a 1945 likitocinsu suka ɗauki hoton ƙashi suka ga ƙarfe a ciki, sai da suka riƙe baki. Yau duk wanda ya karye a hatsarin babur aka ce an sa masa ƙarfe a cinya, dabarar mutumin nan ce a jikinsa.

To, a nan muka rabu da dattijo. Kalmar “likita ne” ba ta wanke kowa a Jamus ta wancan zamani. Kusan rabin likitocin ƙasar sun yanki katin jam'iyyar Nazi, babu wata sana'a da ta kai su. Ranar 9 ga Disamba 1946 aka buɗe shari'ar likitoci a Nuremberg, mutum 23 a gaban alƙalai, 20 daga cikinsu likitoci. Aka yanke wa 7 hukuncin rataya, aka ɗaure 9, aka sallami 7. Masu kayan nan suna da wata katanga da suke fakewa a bayanta, wai ta'asar ta 'yan SS ce, wato dakarun jam'iyyar Nazi masu baƙaƙen kaya, sojan gaske kuwa aikinsa ya yi. Jerin waɗanda aka ɗaure ya rushe wannan katanga. Siegfried Handloser shi ne shugaban sashen lafiya na dukan rundunonin ƙasar, ɗaurin rai da rai aka yi masa. Oskar Schröder shugaban likitocin sojan sama ne, shi ma haka, saboda gwajin da aka yi a sansanin gwale-gwale na Dachau a 1944, inda aka hana fursunoni 'yan ƙabilar Roma abinci da ruwan daɗi ana ɗura musu ruwan teku. Gerhard Rose, ƙwararre kan cututtukan ƙasashe masu zafi kuma janar a sojan sama, an kama shi da hannu a gwajin zazzaɓin taifus kan fursunonin sansanin Buchenwald. Daga baya an sassauta musu duka, wannan wani zance ne. Sigmund Rascher kuwa, wanda a 1942 yake tsoma mutane cikin ruwan ƙanƙara yana auna lokacin da zuciya za ta tsaya, yake kuma kulle su a ɗakin da ake zuƙe iska, ɗan SS ne, amma a lokacin likitan sojan sama ne. Muƙaminsa Stabsarzt. Anini biyu da maciji a tsakiya.

Shi kansa jan gicciyen bai tsira ba. Wanda ke tafiyar da ƙungiyar Red Cross ta Jamus a shekarun yaƙi, Ernst-Robert Grawitz, shi ne kuma babban likitan SS, kuma tambarin ƙungiyar a lokacin mikiya ce mai alamar Nazi a ƙirji, ta taka gicciyen da ƙafafunta. Waɗanda suka tsira daga sansanin kisa na Auschwitz-Birkenau sun shaida cewa gwangwanayen gubar Zyklon B a motar da aka yi wa jan gicciye ake kawo su bakin ɗakunan kisa, kuma ma'aikatan jinya na SS ne ke zazzaga ta. Likita ne ke tsayawa a bakin jirgin ƙasa yana nuna hagu da dama. Babu buƙatar ya harbi kowa.

Kada a ce na shafa wa kowa baƙin fenti. Kurt Reuber ma shuɗin nan ya sa a kafaɗa. Fasto ne kuma likita, yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a birnin Stalingrad na Rasha, kuma a Kirsimetin 1942 ya ɗauki gawayi ya zana uwa rungume da jariri a bayan wata taswirar Rasha, don sojojin da yunwa da sanyi suka gama da su su sami abin kallo. Ya mutu a sansanin fursunoni na Yelabuga a Janairun 1944, zanen yana rataye a wata majami'a a Berlin har yau. Dubban irinsa sun ja masu rauni daga cikin wuta, wasu sun ɗaure raunin abokin gaba, da yawa sun mutu a kan haka. Matsalar ita ce rigar irinsu da rigar wanda ya sa hannu aka bar fursunoni suka mutu da yunwa, a sansanonin da fiye da sojojin Tarayyar Sobiyat miliyan 3 suka halaka a hannun rundunar Jamus, yadi ɗaya ne, tela ɗaya ma zai iya ɗinka su. Fitilar dattijo ba ta raba su. Abin da ke raba su shi ne suna da lambar runduna, da inda rundunar take a wane wata, wato daidai abin da reza ta cire.

Wani zai ce mene ne namu a ciki. Akwai, ko da ba shi da yawa. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, suka ci Marwa a 1902, akwai Hausawa cikin sojojin da suka ɗauka a Kamaru da Togo, kuma ba su sauka daga dutsen Mora ba sai Fabrairun 1916. Claus Schilling, wanda ya sa wa fursunoni fiye da 1,000 zazzaɓin cizon sauro da gangan a Dachau har aka rataye shi a 1946, ya yi aikin likitan mulkin mallaka a Togo tun yana matashi. A Namibiya, lokacin da Jamusawa suka yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan kiyashi, an yanke kawunan waɗanda suka mutu a sansani an aika Berlin don awo, da hannun likitocin soja a ciki, kuma sai a 2011 asibitin Charité ya mayar da ƙoƙon kai 20. Su ma fa masu tarawa ne, suna da akwatuna da lambobi da kundin rajista, sunayen mutanen ne kawai ba su damu da su ba. Ta ɗaya gefen kuma, shari'ar Nuremberg ce ta haifi ƙa'idoji goma na gwajin magani a jikin ɗan Adam, ta farkonsu ita ce sai da yardarsa. Da iyayen yaran da aka yi wa gwajin maganin sanƙarau a Kano a 1996 suka kai kamfanin Pfizer ƙara a Amurka, suna cewa ba a nemi yardarsu ba, kamfanin yana musantawa, kotun ɗaukaka ƙara ta jingina da waɗannan ƙa'idoji a 2009 ta ce ƙarar tana da hurumin a saurare ta. Tsakanin macijin da ke kafaɗar rigar nan da Kano akwai zare, ko da siriri ne.

Sai batun hani. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya haramta nuna alamun Nazi a fili, da ɗaurin da zai iya kai shekara 3, sai dai don koyarwa ko bincike ko fasaha da makamantansu. Dalilin 'yar farar takardar nan ke nan. Na fahimci dokar, ƙasar da ta ga abin da ta gani tana da haƙƙin ta ce ba a kan titinta ba. Amma a kasuwa abin ya zama kitso da ƙwarƙwata: mai saye ya san abin da ke ƙarƙashin takardar, saboda shi ya zo, in ya kai gida da farce zai ɓare ta. Ostireliya ta wuce nan, daga Janairun 2024 ta haramta cinikin kayan da ke ɗauke da manyan alamun Nazi. Ina shakkar wannan hanya. Kayan ba za su ɓace ba, ƙarƙashin tebur za su koma, farashi ya tashi, kuma mutumin kirki mai son tarihi, wanda zai iya buɗe wa ɗalibi akwatinsa, shi ne zai fara janyewa, a bar fagen ga masu yi wa kayan kallon tsarki. Irin waɗannan suna nan, na gan su a zauren, ba sa tsayawa a teburin bandeji da almakashi, inda baƙaƙen kayan SS suke nan suke dafifi. A Nuwamban 2019 wani attajiri ɗan asalin Labanan mazaunin Janiba, Abdallah Chatila, ya kashe kusan Yuro 600,000 a wani gwanjo a Munich, ya saye hular Hitila da wasu tarkacensa don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi, kayan suka ƙare a gidan tarihi na Yad Vashem da ke Isra'ila. Ya yi abin a yaba. Sai dai kuɗin nasa a aljihun kasuwar suka shiga, gobe kuma wani ya fito da wata hular.

Ni abin da zan nema ya fi hani sauƙi, ya kuma fi shi ciwo ga dillali. In iyali suka fito da akwatin kakansu, yawanci komai na tare: riga, littafin albashi, hotuna, wasiƙu, takardun lambar yabo. Dillali ya san in ya rarraba ya fi cin riba, sai riga ta tafi Amurka, hotuna su watse ɗai-ɗai a intanet, wasiƙu su faɗa hannun mai tara kan sarki. An yanka mutum an kasa shi tsibi-tsibi, ba mai iya sake haɗa shi. Wannan ya kamata masu tarawa su mayar abin kunya a tsakaninsu, kamar yadda suka mayar da sayar da jabu. Rigar da aka yanke wa suna ta faɗi a farashi, kada ta tashi. Wanda ya mallaki mai suna kuma ya ɗauki wahalar rubuta wa ma'ajiyar takardun tarihi ta Jamus, wadda tun 2019 ta karɓi kundayen ofishin da ke riƙe da bayanan sojojin yaƙin a Berlin, ya bi sawun rundunar, ya rubuta abin da ya samu ya ajiye tare da rigar, mai daɗi ne ko mai ɗaci. Na san amsar da za a ba ni, cewa jikoki suna da haƙƙin rufa wa kakansu asiri, a bar kaza cikin gashinta. Suna da shi, in sun bar rigar a cikin akwati. Ranar da suka kai ta kasuwa sun mai da ita shaidar tarihi, shaida kuwa ba a datse mata harshe. Kayan likitocin sansanonin kisa su kam ban ga dalilin da zai sa su kwana a ɗakin wani ba, wurinsu gidan tarihi, inda za a rubuta abin da aka yi da su a gefe.

Akwai abu guda da ba na jin ciniki ya halatta a kansa ko da wane sharaɗi. Muna hanyar fita na gan shi, a teburin ƙarshe kusa da ƙofa, cikin kwalin takalmi: faya-fayen ƙarfen da soja ke ratayawa a wuya, sun kai hamsin, wasu na alminiyam wasu na tutiya, sun yi fari-fari da tsatsar ƙasa. Kowanne siffar ƙwai ne, da tsaga uku a tsakiya. Na Yaƙin Duniya na Biyu ba su ɗauke da suna, sai sunan runduna da lamba, wani lokaci da harafin rukunin jini, an buga sama an maimaita ƙasa. In soja ya mutu sai a karya, a tafi da rabin ƙasa don a sanar da iyalinsa, a bar rabin sama a jikin gawa. To faifan da aka tono daga ƙasa bai karye ba, sau da yawa ma'anarsa ba wanda ya tsaya a kan mai shi, ba a rubuta wa uwarsa komai ba sai “ya ɓata”. Gaskiya ne wasu sojoji sun yar da nasu da za su miƙa wuya, kuma da wannan masu sayarwa ke kare kansu. Amma a dazuzzukan Latbiya da Rasha da Polan akwai masu yawo da na'urar gano ƙarfe, su tone rami, su kwashe faifai da hula da ƙarfen ɗamara, su bar ƙasusuwa a warwatse. Da zarar an raba faifai da ƙashi, wannan mamaci ya rasa sunansa har abada. Mu da muke wanke mamacinmu mu rufe shi kafin rana ta faɗi, mu koma muna nuna wa yara inda yake, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ƙungiyar Volksbund, wadda aka kafa a 1919, ita ke kula da maƙabartun sojojin Jamus fiye da 800 a ƙasashe sama da 40, kuma har yanzu tana tono. A Satumban 2023, a Kelme ta ƙasar Lituweniya, ta fito da gawa ta miliyan ɗaya tun daga 1992. Da aka bi diddigi aka gane shi: ƙaramin ma'aikacin jinya ne, ya mutu a 1944. Shekara 79 yana kwance, kuma an gane shi ne don ba wanda ya riga su isa wurin.

Na sa hannu cikin kwalin na ɗauko ɗaya. Bai karye ba. Ƙanena ya karanto haruffan farko, San., ya ce gajarta kalmar sashen lafiya ce, sai lamba mai tsayi uku, sai harafin A a gefe. Na ce ya tambayi mai teburin daga ina. Mutumin, wani matashi ne yana cin burodi, ya ce daga gabas, bai ƙara komai ba. Ƙanena ya zaro wayarsa zai ɗauki lambar, ko a aika wa masu kundin a ji ko wani na nemansa. Matashin ya ajiye burodin, ya miƙo tafin hannu ya rufe bakin kwalin, ya ce ba a ɗaukar hoto, mai so ya saya.

“Yaya, mu tafi,” in ji ƙanena.

Na mayar da faifan. Sai da muka shiga jirgin ƙasa na lura da jar ƙasar da ta maƙale mini a ƙarƙashin farce, wadda ta fito daga cikin tsagar.